Gaisuwar Ranakun Biki da Faransanci

Kowace al'umma a duniya tana da ranakun da ta ke girmamawa, kowace rana kuwa da irin gaisuwar da ta dace da ita. Bahaushe in ya sauko daga Idi ya gamu da ɗan'uwansa, ya kan ce, "Barka da Salla." Shi kuma ya amsa, "Barka kadai, Allah ya maimaita mana." Yaron da ya wuce babba ran Salla bai ce masa kome ba, an san irin sunan da za a kira shi da shi, ba kuwa shi kaɗai abin zai shafa ba, har da gidan da ya fito. To, haka al'amarin ya ke ga Faransawa da sauran masu jin harshensu. Su ma suna da nasu bukukuwa, suna da kalmomin da su ke gaida juna da su, suna kuma lura ƙwarai da wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Ba a ƙasar Faransa kaɗai a ke Faransanci ba. Masu jinsa a duniya sun fi mutum miliyan 300. Ana yinsa a wani sashe na Beljiyam, da Suwizalan, da Kanada, da ƙasashe da yawa na Afirka. Yaron da ke zaune a Katsina ko Sakkwato ba sai ya ƙetare teku zai ji shi ba, in ya je Maraɗi ko Birnin Ƙwanni ma ya ishe shi. Faransawa ne su ka mulki Nijar har ran 3 ga Agusta 1960, sa'an nan ta sami mulkin kai. A shekarar 2025 hukumar ƙasar ta mai da Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu ana aiki da Faransanci a ofisoshi da makarantu. Haka nan a Kamaru da Cadi da Jamhuriyar Benin. Saboda haka wanda ya riƙe 'yan kalmomin nan bai yi aikin banza ba, wata rana zai bukace su.

Kusan dukan gaisuwar biki ta Faransanci da ɗayan kalmomi biyu ta ke farawa. Ta fari ita ce "bon", watau nagari ko mai kyau. Ta biyu ita ce "joyeux", watau mai farin ciki. Sai a kawo sunan ranar a ɗora a baya, shi ke nan gaisuwa ta haɗu. Amma akwai wani abu a nan wanda ya kan ba Turawan Ingila wahala, Bahaushe kuwa ba zai sha wuyarsa ba. Faransanci yana rarrabe namiji da mace a cikin sunayen abubuwa, kamar yadda Hausa ta ke yi. Bahaushe ya kan ce yaro nagari, yarinya tagari, ko farin doki, farar goɗiya. Haka Bafaranshe ya kan ce "bon" in sunan namiji ne, "bonne" in mace ce. "Joyeux" ta namiji ce, "joyeuse" ta mace. Shekara a Hausa mace ce, shi ya sa a kan ce sabuwar shekara. Abin sha'awa, a Faransanci ma mace ce, sunanta "année". Don haka gaisuwar sabuwar shekara ita ce "Bonne année", a kan faɗe ta kamar an ce "bon ane". Ma'anarta shekara tagari.

Wannan ita ce babbar gaisuwar Faransawa, babu wadda ta kai ta yawo a bakin mutane. Daren 31 ga Disamba ba a kwanciya da wuri. 'Yan'uwa da abokai su kan taru gida ɗaya, a ci abinci, a yi ta hira, ana duban agogo. Da maraicen nan shugaban ƙasa ya kan yi jawabi ta talabijin, ya yi wa jama'a fatan alheri. Da ƙarfe goma sha biyu ta buga sai kowa ya miƙe, a ɗauki "Bonne année! Bonne année!" ko'ina, motoci na ta busa ƙaho a titi. A birnin Paris mutane su kan cika wani babban titi mai suna Shanzelize maƙil, ko da ya ke lokacin tsananin ɗari ne.

Sau da yawa ba a tsayawa nan, a kan ƙara da "Bonne santé", a faɗe ta "bon sante", watau lafiya tagari. Tsofaffi sun fi son wannan, har su kan ce, "Et surtout la santé," watau, tun ba lafiya ba. Sun yi gaskiya, lafiya uwar jiki, wanda ya rasa ta ina ruwansa da sabuwar shekara?

Gaisuwar nan tana da lokacinta. Ba a yinta kafin shekarar ta kama, har waɗansu su kan camfa, su ce wai yin haka yana jawo rashin sa'a. Wanda zai rabu da abokinsa cikin makon ƙarshe na Disamba sai ya ce masa, "Bonnes fêtes," watau a yi bukukuwa lafiya. Amma da zarar shekara ta shiga, mutum yana da wata guda cur na yin gaisuwa, har ran 31 ga Janairu. Duk wanda ka fara gani cikin watan nan, da gaisuwar sabuwar shekara za ka tare shi, ko maƙwabci, ko mai kanti, ko abokin aiki. Na nesa kuwa a aika masa da kati ko wasiƙa, ko saƙo ta wayar hannu. Wanda ya bari har Fabrairu ta kama bai gaida kawunsa ko gwaggonsa ba, ya yi abin kunya, kamar dai yaron da ya ƙi zuwa gaida kakarsa har Salla ta wuce.

Ba tun fil'azal shekarar Faransawa ta ke farawa ran 1 ga Janairu ba. A zamanin da kowane lardi da tasa al'ada. Waɗansu su fara ƙidaya daga Kirsimati, waɗansu daga 25 ga Maris, waɗansu kuma daga bikin Ista, wanda ba shi da tsayayyar rana. Ka ga ke nan fatake da alƙalai su kan ruɗe wajen rubuta kwanan wata. Sai a shekarar 1564 Sarki Sharl na 9 ya kafa doka, ya ce ko'ina cikin mulkinsa ran 1 ga Janairu ce farkon shekara.

Suna da wani abu kuma mai kama da goron Salla, sunansa "étrennes". Kyauta ce ta 'yan kuɗi da a kan ba yara, da mai gadin gida, da mai raba wasiƙu. 'Yan kwana-kwana su kan bi gida gida wajen ƙarshen shekara da kalanda a hannu, mai gida ya karɓa ya ba su abin da ya sawwaƙa. Cikin makon fari na Janairu kuma a kan ci wata faffaɗar gurasa mai zaƙi, wadda su ke kira gurasar sarakuna. A kan ɓoye wani ɗan abu a cikinta, a da ƙwayar wake ce, yanzu kuwa ɗan mutum-mutumi ne na tangaran. In an yanyanka, sai autan gida ya shiga ƙarƙashin tebur inda ba ya ganin kome, shi zai riƙa faɗin wanda za a ba kowane yanki, don kada a yi son kai. Wanda ya tsinci ɗan abin nan cikin rabonsa shi ne sarkin ranar, a sa masa kambi na takarda.

A cikin kati ko wasiƙa an fi rubuta "Meilleurs vœux", watau mafi kyawun fata. A nan fa sai mai koyo ya yi hankali da bakinsa. Faransawa ba su faɗin dukan baƙaƙen da su ke rubutawa, na ƙarshen kalma sau da yawa a kan bar shi shiru. Ban da wannan, suna da waɗansu sautuka da babu su a Hausa. Ɗaya daga ciki shi ne "v". A kan ɗora haƙoran sama bisa leɓen ƙasa, a hura iska tare da murya. Bahaushe ya saba mai da shi "f" ko "b". To, in yaro ya tashi faɗin "vœux" ya sa "f" a farkonta, ya faɗi "feux" ke nan, ma'anarta kuwa wuta. Ga shi da niyyar alheri, ya ɓuge da yi wa mutum fatan wuta! Wasalin kalmar ma sai an koya. A tattara leɓɓa kamar za a ce "o", amma harshe ya tsaya inda ya ke tsayawa in za a ce "e". Wanda ya ce "vo" kurum, maraƙi ya ambata. Haka kuma "Bonne année", wajibi ne a ji "e" ɗin ƙarshe sosai. In an haɗiye shi aka ce "bon an", mai sauraro zai iya jin "bon âne", watau jaki nagari. Ba wanda zai so a kira shi haka da sassafe ran biki, kome kyawun jakin.

Waɗannan kurakurai ba abin tsoro ba ne. Mai harshe ya kan yi dariya ne kurum ya gyara wa baƙo, ya kuwa fi jin daɗin wanda ya gwada ya karkace da wanda ya yi gum.

Mako guda kafin sabuwar shekara, ran 25 ga Disamba, Kirista su ke bikin Kirsimati, don tunawa da haihuwar Annabi Isa. Faransawa suna kiran bikin "Noël", kalmar kuwa daga Latinanci ta fito, asalin ma'anarta haihuwa. Gaisuwar ranar ita ce "Joyeux Noël", kusan kamar an ce "jwaye nowel". Baƙin "j" a Faransanci yana da taushi, ya yi kusa da "sh", kamar yadda Hausawan yamma su ke faɗinsa. Babban cin abincin a daren 24 ga wata a ke yinsa. A ƙarshe a kawo wata gurasa mai zaƙi da aka naɗe ta yi siffar gungumen itace, domin a da kowane gida ya kan sa babban gungume a murhu daren nan, ya yi ta ci. Yara kuma su kan jera takalmansu kusa da murhu ko gindin itacen da aka ƙawata, gari ya waye su tarad da kyauta. A kan gaya musu wai wani tsoho mai farin gemu, "Père Noël", watau Baba Kirsimati, shi ya kawo. Da sun yi wayo su kan gane iyayensu ne.

A Faransa akwai Kirista, da Musulmi, da Yahudawa, da waɗanda ba su bin kowane addini. Tun shekarar 1905 doka ta raba sha'anin gwamnati da na coci. Saboda haka mai hankali in bai san addinin wanda ya ke magana da shi ba, ya kan zaɓi "Bonnes fêtes", don ta game kowa, ba ta ɓata wa kowa rai.

Kalmar nan "fête", wadda a kan faɗa "fet", ita ce biki. "Bonne fête" kuwa tamkar mabuɗi ce mai buɗe ƙofa da yawa. Wanda ya manta sunan biki, in ya faɗe ta ya fita kunya. Musulmin Afirka ta Yamma masu jin Faransanci da ita su ke amfani ran Salla. Babbar Salla a wurinsu "Tabaski" ce, sai ka ji an ce, "Bonne fête de Tabaski." A Kamaru a kan ce "fête du mouton", watau bikin rago. Ƙaramar Salla kuwa a Nijar "fête de Ramadan" a ke ce mata, a Senegal kuma "Korité". In azumi ya kama a ce, "Bon Ramadan." Amma a Zinder ko Tawa da wuya gaisuwa ta ƙare a nan. Ma'aikaci ya ce wa abokinsa "Bonne fête", nan take su koma Hausa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a yi addu'ar ganin ta baɗi. Musulmin da ke zaune a Faransa, waɗanda yawansu ya kai miliyoyi, sun fi gaida juna da Larabci, su ce "Aïd Moubarak". Salla ba ta cikin ranakun hutu goma sha ɗaya na ƙasar, don haka mai aiki ya kan nemi izini kafin ya je Idi. Babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, ya kan ba da sanarwar ranar.

"Bonne fête" tana da wata ma'ana kuma. A kalandar Faransawa kowace rana tana ɗauke da sunan wani waliyyi na Kirista. In ranar mai sunan mutum ta zagayo, a kan ce masa "Bonne fête", ko da ba ranar aka haife shi ba. Ranar haihuwa kuwa gaisuwarta dabam, "Bon anniversaire" ko "Joyeux anniversaire". Amma a lardin Kebek na ƙasar Kanada, "Bonne fête" ɗin ce su ke yi wa mai ranar haihuwa. Harshe ɗaya ne, teku ta raba shi, kowane gefe ya ɗauki nasa salo, kamar Hausar Kano da ta Kumasi.

Sauran bukukuwa ba su da doguwar magana. Ran Ista a kan ce "Joyeuses Pâques", yara su yi ta neman ƙwai na cakulan da aka ɓoye musu a lambu. Ran 1 ga Afrilu yara su kan yanka takarda siffar kifi, su liƙa wa mutum a baya bai sani ba, in ya farga su ce, "Poisson d'avril!" watau kifin Afrilu. Ran 1 ga Mayu hutun ma'aikata ne, a kan ba juna wani ɗan farin fure mai ƙanshi don fatan sa'a. Ran 14 ga Yuli ita ce ranar ƙasa. A irin wannan rana ce cikin 1789 mutanen Paris su ka fasa kurkukun Bastil, tun 1880 kuwa a ke yin bikin kowace shekara. Soja su yi fareti, da dare a yi wasan wuta. Mai so ya ce, "Bonne fête nationale."

Akwai ranakun hutu waɗanda ba a yi wa kowa barka a cikinsu, sanin wannan kuwa ya fi sanin dukan kalmomin da aka ambata. Ran 1 ga Nuwamba, wadda su ke kira "Toussaint", ba a zuwa aiki, ba a zuwa makaranta. Baƙo zai zaci murna a ke yi, don zai ga mutane sun yi shiga mai kyau, kowa riƙe da tukunyar fure. Alhali kuwa maƙabarta za su, su share kabarin iyayensu, su ajiye furen a kai. A ce ga wata tsohuwa da mijinta ya rasu bara, ta fito da furenta, sai ɗan baƙo ya tare ta da fara'a ya ce "Joyeuse fête". Ya fama mata ciwo ke nan, ko da ya ke bai yi nufi ba. Furen nan da a ke kai wa matattu, sunansa "chrysanthème", ba a kai wa mai rai shi kyauta, kome kyawunsa. Haka kuma ran 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsai da Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Mutane su kan taru gindin dutsen tunawa da ke tsakiyar gari, a karanta sunayen waɗanda su ka mutu, a yi shiru. A yaƙin nan har da dubban sojan Afirka ta Yamma su ka yi wa Faransa faɗa, da yawa ba su komo gida ba. A irin waɗannan ranaku gaisuwar kullum ta isa, watau "Bonjour".

Saura amsa. In an yi wa mutum gaisuwar biki ya kan ce, "Merci, à vous aussi," watau, na gode, ku ma haka. A kan faɗe ta "mersi, a vu osi". A lura da kalmar "vous". Faransawa suna da "tu", watau kai ko ke, wadda a ke faɗa wa aboki, da ɗan'uwa, da ƙaramin yaro. Suna kuma da "vous", watau ku, wadda a ke faɗa wa mutane da yawa, ko mutum ɗaya don girmamawa. Ɗan Bahaushe ya san wannan tun a gida, don ya saba ce wa dattijo, "Kun tashi lafiya?" ko da shi kaɗai ne zaune. Saboda haka yaro zai ce wa abokin wasansa, "Je te souhaite une bonne année," watau ina yi maka fatan shekara tagari. Malaminsa kuwa sai ya ce masa, "Je vous souhaite une bonne année, Monsieur." Wanda ya ce wa baƙon dattijo "tu", ya yi rashin kunya, kyawun sauran maganarsa ba zai wanke shi ba. Kalmar nan "Monsieur" daidai ta ke da Malam, ta mace kuwa "Madame". Hausawan Nijar su kan ce "Mushe", kada mai ji ya ɗauka mataccen abu a ke nufi.

Bahaushen da ya fara zama cikin Faransawa ya kan ga kamar gaisuwarsu ta cika gajarta. Kalma biyu, a yi musafaha, kowa ya kama gabansa, ba a tambayi gida ba, ba a tambayi yara ba. 'Yan'uwa da abokai na kusa su kan haɗa kumatu dama da hagu, wannan kuwa ba dole ba ne ga baƙo, in ya miƙa hannu ko ya ɗan rusuna ya wadatar. Gajartar nan ba girman kai ba ce, al'ada ce kurum. Su kuma in sun zo ƙasar Hausa su kan yi mamakin yadda mutum biyu za su tsaya bakin hanya suna ta jera lafiya lau, ba wanda ya gaji.

Akwai wata gaisuwa da 'yan makaranta su ka fi ƙauna duka. A farkon Yuli a ke rufe makarantun Faransa, ba a buɗewa sai farkon Satumba. Ran da za a tashi, malami ya kan tsaya bakin ƙofa, yara na fita ɗaya ɗaya da jakunkunansu, yana ce musu, "Bonnes vacances, les enfants," watau a yi hutu lafiya, yara. Su kuma su amsa, "Merci, bonnes vacances, Monsieur." In hutu ya ƙare, ran komawa da safe, uwa ta raka ɗanta har ƙofar makaranta, ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "Bonne rentrée," watau a koma lafiya.